Jan Fenti a Zauren Gidaɗo

Tun da aka datse ruwa a Goronyo noman rani ya kankama, kowa ya samu abin yi, kuma duk wanda ya samu abin yi sai ya ga ya kamata duniya ta sani. Nan Gidaɗo mai fenti ya samu abincinsa. Shi ke rubuta allunan garin, kuma ba a gaya masa abin da zai rubuta. Ka faɗi sana'arka kawai, ka koma gefe.

Shi ya rubuta wa Halliru mai faci na bakin tasha: "Muna facin taya, ba ma facin aure." A rumfar mai gyaran injin ban-ruwa ya sa: "Asibitin inji. Kada a kawo gawa." Wani manomi da ɓarayin albasa suka addaba ya zo da kukansa, Gidaɗo ya kafa masa allo a bakin gona: "Ɓarawo, ka bari ta ƙosa." Lungun bayan kasuwa kuwa, da aka daɗe ana fama da zarni, layi ɗaya ya rubuta masa: "Mai fitsari a nan, mun san babanka." Direbobin da ke zuwa lodin albasa sukan tsaya su karanta, su yi ta dariya. Gidaɗo bai taɓa taya su ba, don shi a ganinsa gaskiya ya rubuta.

Rubutunsa ɗaya ne ba ya ba kowa dariya, wanda ke jikin zauren gidansa: "BA SHIGA. GIDAN MATAN AURE." Irinsa na nan birjik a gari, ko wanda bai yi boko ba ya san siffarsa, ya kuma san namiji baligi iyakarsa zaure. Gidaɗo ya rubuta nasa ranar da Safiyatu ta tare. Safiyatu ta rasu da jimawa, 'yarsu ɗaya tana aure a Gandi, gidan ba kowa sai shi da rumfar da yake ajiye albasa. Amma duk bayan damina sai ya sake bin rubutun da sabon jan fenti. Bai faɗa wa kowa dalili ba. Muddin rubutun na nan, in ya dawo daga kasuwa yakan ji kamar akwai wadda zai yi wa sallama.

Sau ɗaya amininsa Siddiƙu, maƙwabcinsa na gona, ya ɗauka dokar ta bi mai ita, ya wuce zaure kansa tsaye. Gidaɗo ya tare shi da ido jajur, ya ce, "Kai Siddiƙu, ba ka iya karatu ba?" Siddiƙu ya ja da baya, labari kuma ya zaga gari.

Wata safiya a lokacin cirar albasa, Gidaɗo ya hau tsani zai gyara rufin rumfarsa. Tsanin ya zame, ya faɗo, haƙarƙarinsa ya daki bakin turmin Safiyatu, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ƙarƙashinsa. Ya yunƙura, jiki ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi kira, sai wata 'yar murya ta fito wadda ko kazar gidan ba ta ɗaga kai ba.

Da hantsi ya ji muryar Siddiƙu daga zaure, shi da Allah ya hore wa maƙogwaro.

"Salamu alaikum! Gidaɗo, motocin lodi sun iso, hito mu tahi!"

Gidaɗo ya amsa, amma shi kaɗai ya ji kansa.

"Kekenai ga shi nan zaure," in ji wata murya, ta Halliru mai faci ce. "Shina ciki. Ka leƙa ka gani mana."

"Ni? Mutumin da yat tambaye ni ko na iya karatu? A dai samo yaro a aika."

"Yara duk suna hwadama wajen cira. Inno maƙwabciyatai ma ta tahi wajen suna Giyawa."

"To wataƙila barci shikai. Mu tahi, shi same mu can."

Takunsu ya yi nisa. Rana ta hau, inuwar rumfa ta janye ta bar shi a fili. Randa na can gindin bango, yana kallonta tana kallonsa. Gidaɗo ya ji tsoro, tsoro na gaske, ya kuma ji haushi, sai dai ya rasa wanda zai ɗora wa. Duk garin nan babu allonsa da aka taɓa bi sau da ƙafa. Ana wanka a inda ya hana wanka, ɓarawon albasa ma bai jira ta ƙosa ba. Wannan kaɗai aka yi wa biyayya.

Mai shiga ɗaya aka samu, akuyar maƙwabta. Ta ratsa zaure ba sallama, ta dube shi, ta wuce rumfa ta hau cin albasar da ya sha wahalar nomawa. Ko "kai" bai iya ce mata ba.

Bayan azahar muryoyin suka dawo, don ba a gan shi a masallaci ba. Siddiƙu ya rangaɗa sallama, ya sake, ya sake. Halliru na cewa a shiga, Siddiƙu na cewa mai gida ya riga ya faɗi maganarsa a bango. Suna cikin haka akuya ta ƙoshi, ta nufi zaure da ƙaton kan albasa a baki. Gidaɗo ya ji gardamar ta yanke.

"Innalillahi," in ji Siddiƙu. "Gidaɗo na da ƙahwa akuya ta hito da albasatai? Kauce, Halliru!"

Ya shigo a guje, hula a hannu. Da ya tallafo kan amininsa ya kafa masa moɗa a baki, Gidaɗo ya sha, ya sha, sannan hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba.

"Na karanta," Siddiƙu ya ce. "Na shigo. Ka yi mini abin da za ka yi."

Mai ɗori ya yi aikinsa, Gidaɗo ya daɗe kwance. Ranar da ya fara dogara sanda, ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gida, da gwangwanin farar ƙasa da na jan fenti. Ya daɗe yana duban tsohon rubutun kafin ya shafe shi, harafi bayan harafi, bai bari kowa ya taya shi ba.

Direbobin albasa sun tsaya sun karanta sabon, wasu sun yi dariya don sun saba. Siddiƙu bai yi ba. Abin da ke jikin zauren shi ne: "A SHIGO. BA KOWA SAI NI."