Famfon Ustaz Midhat

Titinmu a Iskandariyya rabinsa na gundumar gabas ne, rabi na ta yamma, iyakar kuma ta bi ta tsakiyar kwalta. Shagon askina yana yamma, don haka komai a kan idona aka yi shi.

Ummu Ragab tana sayar da gurasa da soyayyiyar hanta a cikin mota. Mijinta ya rasu ya bar mata motar da lasisin gabas, da ita take ci da marayunta. A gefen gabas take ajiye ta, amma layin masu saye kullum sai ya tsallako har ƙofar shagona.

Wannan layi shi ya tsone wa Ustaz Midhat ido, jami'in da ke duba masu abinci a yamma. Mutum ne siriri, mai taurin kai, ko ruwan mai sana'a ba ya sha. A wurinmu wanda ya ci gurasarka da gishirinka ba ya cutar da kai har abada, shi kuwa ba ya son a ɗaure masa hannu.

"Ciniki yana inda mai saye ya tsaya," ya ce mata. "Ki nemi lasisinmu."

"Na nema, Ustaz. Sun ce sai da famfon wanke hannu a jikin mota. Gabas bokiti ya ishe su. Hannun mutanen yamma ya fi datti ne?"

"To ki sa famfon."

"Masu gyara sun ce motar ta tsufa, ba inda tanki zai zauna."

"In na dawo na tarar da layin nan, janye motar za a yi."

Ya kuwa dawo, ana tsananin zafi, da motar janwe a bayansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fito da almakashi a hannu ban ma sani ba. Yana ɗaga hannu zai ba da umarni sai ƙafafunsa suka saki, ya zube a kan kwalta. Ashe yana da ciwon sukari, ya kuma wuni bai ci komai ba, har sukarin jikinsa ya yi ƙasa.

Ummu Ragab ta diro daga mota, ta ɗura masa shayi mai sukari. Da ya fara motsi ta gutsuro gurasa da hanta ta tura masa a baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Sai a loma ta uku hankalinsa ya dawo.

"Me nake ci?"

"Gurasata," in ji ta. "Gishirin ya ji?"

Ya daɗe yana kallon sama kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sannan ya sallami direban janwe.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga shi cikin tsohuwar jallabiya, da tanki a kafaɗa da bututu a hammata. Ya wuni a kan rufin motar yana bugawa, yana zagin tsatsa. Kafin magariba ruwa ya zubo.

Ranar Lahadi ya dawo sanye da kayansa na jami'i, fuska a murtuke. Ya murɗa famfon, ya leƙa ƙarƙashi.

"Yana ɗiga. Ban amince da shi ba."

"Ustaz, ai kai ka haɗa shi."

"Wanda ya haɗa shi bai san aikinsa ba. Ki ce masa ya dawo Juma'a."

Ta naɗe gurasa mai zafi a takarda ta miƙa masa. "To kai masa wannan, ya samu ƙarfin aiki."

Ya karɓa. Bai kai bakin kwana ba ya cinye ta.

Bayan gyara na biyu lasisin yamma ya fito, layin ma har ya wuce shagona yanzu. Duk ranar da Ustaz Midhat ya zo aski sai ya tuna min cewa shi bai taɓa cin abincin mai sana'a ba, mai gyaran famfo ne yake ci.