Kyautar da Ozoma Ya Yi wa Masu Gemu

Fariya ce laifin da zan ba ku labarinsa. Ba ji na yi a bakin wani ba, a gabana aka yi, don ni ke riƙe da rumbunan garin Ameyalpan a shekarar da wasu baƙi masu gemu suka hauro daga bakin teku.

A wurinmu kyauta makami ce. In wani babba ya shigo ƙasarka, sai ka jibge masa abin da ba zai iya ramawa ba a gaban jama'a, shi kuma ya sunkuyar da kai ya koma gida da kunya. Sarkinmu Ozoma ya kori manya uku ta wannan hanya ba tare da an harba kibiya ba, kansa kuwa ya kumbura.

Masu gemun su sittin ne da dawakai huɗu, duk sun rame, kuma wucewa kawai suke yi. Sarkin garin da ke gangare ya tarye su cikin tsohon mayafi, ya ba su wainar masara da wake, ya yi ta kukan fari. Kwana ɗaya suka yi suka ƙara gaba. Da labari ya iso, Ozoma ya yi dariya har da dukan cinya.

"Matsiyaci ya zubar mana da mutunci," in ji shi. "A juyo mini da su nan."

Yayarsa Nekawal, wadda ta goya shi yana jariri, ita kaɗai ke iya tanka masa.

"Ƙanena, mutanen nan hanya suke tambaya. Nuna musu hanya."

"Yaya, da kunya zan kore su."

"Ka dubi fuskarsu kuwa? Gashi ya cinye wurin da kunya ke zama."

Bai ji ba. Ranar farko da suka iso ya sa aka jera talotalo ɗari, da mayafan auduga tuli guda, da ƙoren koko mai kumfa. Shugabansu, wani mai jan ido da ake kira Baltasar, ya ci ya suɗe yatsu, sannan ya miƙo duwatsun wuya na gilashi zare ɗaya da wata koɗaɗɗiyar hula. Ozoma ya ɗaga su sama don kowa ya ga ƙanƙantarsu.

"Ya faɗi," ya ce mana. "Gobe da safe ko sawunsu ba za ku gani ba."

Da safe muka tarar sun shanya wandunansu a matakalar ɗakin bauta, dawakai na cin masara a kasuwa.

Rana ta biyu ya fito da dukiyar gaske, dogayen gashin tsuntsu kore da duwatsun wuya na kakanni. Don kwandon kyautar ya cika, na zuba 'yan ƙarafan zinariya a ƙasa, irin waɗanda ake ratayawa a leɓe. Baltasar ya soka gashin a kan dokinsa, ya ture duwatsun gefe, ya ɗauki zinariyar ya gatsa da haƙori. Tafintansu, wani mutumin bakin teku, ya ce:

"Ranka ya daɗe, yana tambaya ko da sauran wannan."

A wurinmu wanda ya tambaya ko da saura ya ce hannunka gajere ne.

Nekawal ta ja gefen mayafinsa. "Ka ce ya ƙare."

"In ce ya ƙare a gaban jama'ata? Ni?"

"Kai ɗin. Bakinka ba zai yage ba."

Ya fizge mayafin, ya juyo gare ni ya ce a buɗe rumbuna. Na rage murya na ce, "Har da na bayan fada, ranka ya daɗe?" Ya ce har da su. Shi da kansa ya shiga gaba yana nuna musu, ɗaki bayan ɗaki, daga nan ya kai su rafin da ake wanke yashi a tsinci zinariya, don su san ba ta ƙarewa.

Rana ta uku Baltasar ya tsaya a tsakar fada ya karanta wata doguwar takarda da harshensu. Tafinta, da cinyar talotalo a hannu, ya gajarce mana ita: sarkinsu na ƙetaren teku ya karɓi mubaya'armu da farin ciki, kuma abin da aka kawo jiya da shekaranjiya, haka za a riƙa kawowa duk bayan kwana tamanin.

"Wace mubaya'a?" in ji Ozoma. "Gaya masa ni na ci shi."

"Na gaya masa, ranka ya daɗe. Ya ce madalla, yana taya ka murna."

"To ga shi nan," in ji Nekawal. "Kunya ta kama su har ta hana su tafiya."

Ba su tafi ba. Ozoma ya rasa rumbuna tara, da talotalon gari kaf, da maza ɗari biyu da aka tura wankin yashi, waɗanda saba'in kawai suka dawo. Ya rasa ɗakin bauta, wanda aka rushe aka gina wa Baltasar gida da duwatsunsa. Ya rasa tabarmar sarauta, ya rasa sunansa, don sun zuba masa ruwa a ka suka raɗa masa wani da har ya mutu bai iya faɗarsa daidai ba.