Akwatin da Ba a Rubuta wa Nauyi Ba

A ƙarshen daminar 1993, shekara guda bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa, ƙungiyar manoman wani ƙauye da ke tsallaken fadamar Hadejia ta sayi injin casar shinkafa. Aka sauke shi a bakin kogi cikin akwatin katako, aka ba Shu'ibu aikin ƙetare da shi.

Shu'ibu tsoho ne, jirgin ruwansa ma tsoho ne. A da, idan ambaliya ta shimfiɗu, yakan yi wata uku yana jigilar shinkafa da busasshen kifi, ba ya ganin ƙasa sai tsibiran da Fulani suka bari. Yanzu da madatsar ta tare kogin, ruwan yakan leƙo ne ya koma. 'Ya'yansa sun riga sun gaya masa cewa in jirgin bai yi aiki bana ba, kafinta za su kai wa.

Amininsa Iliya, mutumin Zonkwa, ya yi aikin akawu a tashar jiragen ruwa ta Apapa kafin ya biyo 'yarsa malamar makaranta zuwa Hadejia. Ya zagaya akwatin, bai ga rubutu ba.

"Sarkin Ruwa, nawa ne nauyinsa?"

"Kai Akawu, ni da Apapa? A sa masa hannu kawai!"

"Tun 1929 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba. Kayan da ya kai tan guda ba ya hawa ruwa sai an rubuta nauyinsa a jikinsa. Na ga igiya ta tsinke a kan mutum saboda rashin wannan rubutu. Ba zan je ta'aziyyarka ba alhali ina da baki."

Shu'ibu ya yi dariya, ya haƙura. Aka shiga neman babban sikeli, sai a garin Malam Madori aka samu. Kafin a auna injin gunduwa-gunduwa, a mayar da shi akwati, Iliya ya rubuta adadin da jan fenti, kwanaki sun shuɗe. Nauyin bai fi ƙarfin jirgin ba ko kaɗan. Amma ruwa ya janye, jirgin yana zaune a kan laka. Da ƙasa ta yi tauri, tarakta ce ta ja injin ta kan hanyar da Shu'ibu ya saba bi da jirginsa.

Ranar da aka ɗora jirgin a bayan babbar mota za a kai wa kafinta, tsofaffin biyu suna tsaye a gaɓa. Shu'ibu ya daɗe yana shafa gefen katakon, inda hannunsa ya cinye shi ya yi santsi.

"Akawu, shi ba za ka rubuta masa nauyi ba?"

Iliya ya dubi yashin da ke tsakiyar kogi.

"Dokar ta abin da zai bi ruwa ce, Shu'ibu."