Baƙon da Ya Kore Mu Daga Falo

Ni dai na faɗa wa Imurana tun a shago, amma mijin nan nawa in ya ga babban abu, kunnensa toshewa yake. Yidana mai shagon talabijin a Sakasaka ma sai da ya tambaye shi, "Daga wurin zama zuwa bango, akwai nisa?" Gogan naka ya ce, "Falona? Ko biki sai a yi a ciki." Falon da in ka shimfiɗa tabarma biyu, ta ukun sai ta hau bango! Na nuna masa mai inci arba'in da uku, ya ce wannan ai ta ɗakin gwauro ce. Mai inci saba'in da biyar muka ɗora a motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, muka nufi gida a Aboabo, yana rungume da kwalin kamar jariri.

Tsakani da Allah, don Mma ya saya, mahaifiyarsa. Idonta ya fara rauni, kuma tun rasuwar Baba ba ta iya cin abinci sai a tsakiyarmu, a falo, bayan Magariba. In ita kaɗai ce, loma biyu za ta yi ta ture kwano.

Aka kafa talabijin, ta cinye bango har da rabin taga. Na kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, Mma ta zame mayafi ta wanke hannu. Imurana ya kunna. Sai ga mai karanta labarai, kansa ya kai tukunyar biki, yana kallonta ido cikin ido. Mma ta ja mayafi, ta ɗan rusuna yadda ake gaida manya a garin nan, ta naɗe tabarmarta ta fice.

Imurana ya bi ta. "Mma, hoto ne fa!"

"Na sani, ni ba yarinya ba ce. Amma ban taɓa buɗe baki na ci tuwo a gaban ƙaton namijin da ban sani ba, ba kuwa yau zan fara ba."

Shi ke nan, Mma ta koma cin abinci a tsakar gida ita kaɗai, kullum kwanonta ya dawo min kusan yadda na kai shi. Mu ma ɗin ba daɗi muke ji ba. In ana ƙwallo sai ka yi ta juya wuya, 'yarmu Hikmatu kuwa idonta har ruwa yake. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Baban Hikmatu, mai da abin nan."

"Da wane ido zan kalli Yidana?"

"Da idon da kake kallon Mma tana ramewa!"

Na ga abin ya soke shi, har ya ba ni tausayi.

Washegari da na fito da tuwonta, sai na tarar ta ja tabarma can gindin randa, saitin ƙofar falo, tana ƙyaƙyata dariya. Wasan kwaikwayo ake yi.

"Au, Mma! Ashe kallo kike?"

"Daga nan sun dawo daidai mutane. Suna ɗakinsu, ina tsakar gidana. Matsa, kin tare min."

Na zauna kusa da ita. Wallahi hoto tar, ba juya wuya, ba ciwon ido. Na ƙwala kira, "Ku fito da tabarmi, ku bar wa baƙo falonsa!"

Imurana ya fito yana susar ƙeya, ya zauna, ya duba, ya gyara murya. "Ai da ma da tsakar gida na auna."

"Allah ya shirye ka," in ji Mma, hannunta cikin miya.

Muka sa ta a tsakiya kamar da. Duk kwanonta muke satar kallo, har ta suɗe shi tas. Imurana ya kau da kai yana goge ido, wai yaji ne ya yi yawa.

Mma ta miƙo min kwanon. "Sahadatu, da sauran tuwo?"