Kofin Lula

Ozella ta tsaya a ƙofar maƙabartar danginsu da tsintsiya a hannu, ta rasa inda za ta share. Siminti ne fari fes har bakin fadama, ga dogon bangon gilashi ɗauke da sunayen mamata, ruwa yana gangarowa a jikinsa.

Tun da ta karye a ƙugu, ɗanta Thaddeus ya ajiye ta a gidan tsofaffi a birnin Charleston, nesa da tsibirinsu. Zuwa duba ta ya gagare shi, amma ɗauko mai zanen gine-gine daga Atlanta ya sake fasalin maƙabartar don kakannin da ko fuskarsu bai sani ba, wannan bai gagare shi ba. Yau ake buɗe wurin. Dangi sun cika, kowa da wayarsa a sama.

Ita ba bango ta zo kallo ba. A tsibirin nan, mamacin da bai samu dutsen kabari ba, kofin da ya sha ruwan ƙarshe da shi ake kifa masa, a kewaye da bawon katantanwa. Haka ta yi wa Lula, 'yarta ta fari, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana rarrafe. Kafin ta karye, duk bazara sai ta zo ta wanke kofin nan.

* * *

"Thaddeus, ina shuɗin kofi? Na gindin bishiya."

"Haba Mama, ai an kwashe tarkacen nan duka. Ba ki ga yadda wuri ya yi kyau ba?"

Ya ce bishiyar ma an sare ta, saiwarta za ta fasa siminti. Sunaye kuwa daga duwatsu aka kwafo su.

"Yayarka ba ta da dutse," in ji ta.

Sai aka kira shi yanka ƙyallen buɗe wurin, ya ce yana zuwa.

* * *

Ta yi ta jan ƙafa a kan simintin, tana duban fadama, tana duban gabas. Ko'ina iri ɗaya ne. Ko ranar da aka binne Lula ta san inda ta bar ta, yau kuwa ba ta sani ba.

Daga ƙarshe ta ɗauko kofin takarda a teburin lemo, ta durƙusa da ƙyar, ta kifa shi a inda zuciyarta ta fi kwanciya. Iska ta taso ta mirgina shi.

Matar Thaddeus ta sunkuya ta tsince shi ta jefa a kwandon shara, kada ya fito a hoto.