Kwamfutar da Aka Naɗo a Zani

Namakau Sitali ta shekara goma sha ɗaya tana gyaran kwamfuta a wata 'yar rumfa cikin kasuwar Chisokone ta birnin Kitwe, kuma tana yawan cewa kafin ta duba na'ura, mai na'urar take fara dubawa. Mutumin da ya shigo mata ran nan da hantsi bai kwanta mata a rai ba tun daga bakin ƙofa. Dattijo ne mai furfura, da kwat duk da zafin da ake yi, ya rungumo kwamfutar cinya a naɗe cikin zanin mata. Ya ce sunansa Mwelwa Kapembwa, kwamfutarsa ce, in an kunna ta sai fuskar ta tsaya baƙi ƙirin.

Ta tambaye shi abin da yake yi da ita ranar da ta lalace, ya ce ya manta. Ta tambayi caja, ya ce tana gida. Da ta miƙa masa ta ce ya kunna ta gani, sai da ya lalubi gefe biyu kafin ya sami maɓallin.

Bara 'yan sanda sun tafi da maƙwabcinta mai gyaran waya saboda kayan sata da aka kawo masa, ya kwana huɗu a hannunsu. Don haka ta nemi katin ɗan ƙasa na dattijon, ta kwafe lambar a bayan wani kwali, shi kuwa yana ta gunaguni wai ko a asibiti ba a yi masa wannan titsiyen.

Fitilar kwamfutar na kamawa, fanka na juyawa, amma fuska shiru. Ta cire batir, ta danne maɓallin na ɗan lokaci, ta mayar. Babu canji. Ta jona ta da wani allon da ke kan teburinta, shi ma duhu. Sai ta kifa ta, ta ɗauki sukurudireba. Nan ta ga an riga ta shiga: kan ƙusoshin ya ɗan cinye, irin na wanda ya kwance da bakin wuƙa. Da ta ɗaga murfin, ta tarar an zare ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan katin nan da ba ta tashi sai da shi, daga mazauninta, an kwantar da ita a gefe, har an liƙe ta da salatif don kada ta yi ta yawo a ciki. Faɗuwa ba ta yin haka. Wani ne ya kashe kwamfutar da gangan, kuma ya yi a tsanake, da niyyar ya dawo ya tayar da ita.

Ta juyar da allon yadda dattijon ba zai gani ba, ta mayar da ƙwaƙwalwar, ta kunna. Haske ya kawo. Hoton wata budurwa ya fito cikin kayan ɗaliban jinya, a ƙasa an rubuta Lombe Kapembwa, sai gurbin kalmar sirri.

"Baba Kapembwa, wace ce Lombe?"

Ya ce 'yarsa ce. Can kuma ya gyara, 'yar ƙanensa marigayi, ai duk ɗaya ne. Ta tafi makaranta a garin Ndola, ita ta aiko shi ya gyara, kalmar sirrin ce kawai ta manta ba ta faɗa masa ba. Ya sunkuyo ya rage murya, ya ce ya ji ana iya tsallake wannan gurbin, zai ƙara mata kwacha ɗari uku.

"To kira ta mana, ta faɗa da bakinta."

Wayarta a kashe take, in ji shi.

Namakau ta iya tsallakewar, aikin minti ashirin ne. Ta kashe kwamfutar, ta ɗaure murfin, ta ce masa ya kawo duhu ta ba shi haske, iyakar aikinta ke nan. Kulle kuwa sai mai shi. Ya ce ashe sunan banza ta yi a kasuwar. Ta ce ta yarda, ya gwada layin gaba. Yana fita ta aika wa ƙungiyarsu ta masu gyara saƙo a waya, da lambar jikin kwamfutar da kamannin mutumin.

Rumfa uku ya shiga, duk suka ce injinsu ba ya wannan aikin.

Bayan kwana tara Lomben ta zo, da kwamfutar a jakar baya. Wani mai gyara ɗan cocinsu ne ya ga saƙon ya kira ta, ta dawo gida ta ɗauko abarta. Ta ce takardun gidan mahaifinta duk ta ɗauki hotonsu ta adana a ciki, saboda na asalin sun ɓace daga akwati mako guda bayan jana'iza. Baffan nata kuma ya riga ya fara zagayawa da masu son sayen gidan. Ita ta zare ƙwaƙwalwar kafin ta koma makaranta don kada a kunna kwamfutar a bayanta, a waya ta koyi yadda ake yi.

Namakau ba ta ce ta gaskata ta duka ba. Ba ta san gidan ba, ba ta san mamacin ba. Ta dai sa ta buga kalmar sirrin a gabanta, kwamfutar ta buɗe a karon farko. Sannan ta kwafe mata takardun a filashi biyu, ta ce ɗaya ta kai wa lauya, ɗayan ta ajiye a wurin da ba dangi. Da yarinyar ta tashi tafiya, Namakau ta kira ta ta miƙa mata ƙaramar sukurudireba, ta ce ta daina ɓata wa kwamfutar ƙusoshi da wuƙar kicin.