Kabarin Kusa da Lubna

Hajiya Kubra maƙwabciyata ce a unguwar Kado ta Abuja, katanga ɗaya ta raba mu, don haka wannan labari ba a bakin kasuwa na tsince shi ba. 'Ya'yanta biyu: Abdulmajeed, ɗan fari, da ya tafi Kanada karatun haɗa magunguna tun zamanin soja ya zauna can, sai Saudatu mai aiki a wata ma'aikatar tarayya. A gidan Saudatu tsohuwar take zaune.

Lokacin farar hula sun dawo, Abuja sai tashi take, ko'ina ka duba kankare ake zubawa, 'ya'yan mutane suna ta dawowa daga waje suna kama aiki. Hajiya kuwa ciwon suga ya ci ƙarfinta, likita ya hana ta doguwar tafiya. Abu ɗaya take son sani: yaushe ɗanta zai dawo gida gaba ɗaya. Yana kiranta a salula duk Juma'a, amma ba za ta tambaya ba. Irin matan zamanin da ce, masu kara ga ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta tambayi sanyi, ta tambayi matarsa Bilqis, ta miƙa wayar.

Da Saudatu ta samu hutu da bizar zuwa Kanada, Hajiya ta cusa mata kuka da yaji a jaka. "Ki tambayi mutumin naki," in ji ta. "Kar ki dawo mini da 'kwanan nan'. Wata nake so da shekara."

Can kuwa an karɓe ta hannu biyu. Abdulmajeed ya ɗaga ƙullin kukar yana dariya. "Auta, har yanzu Inna gani take yunwa muke kwana da ita?"

"Yaya, da ta ga tumbinka ai da ba ta aiko ba."

Ta yi ta neman bakin maganar, yana zillewa. Sai ana gobe za ta taso, da hantsi, ya ce ta ɗauki rigar sanyi. Maƙabarta ya kai ta, inda aka binne 'yarsu Lubna, wadda ta rasu tana ƙarama, ita kaɗai Allah ya ba su. Suka yi addu'a. Sannan ya nuna mata ciyawar da ke gefen kabarin, wuri biyu.

"Nan ba kamar gida ba ne. In ba ka sayi gefen naka ba, baƙo za a sa. Na saya, ni da Bilqis."

"Yaya, kabari ka saya da ranka?"

"Bilqis duk sati tana nan. Ba za ta bar yarinyar ita kaɗai cikin ƙanƙara ba, ni kuma ba zan bar Bilqis ba."

"To Inna fa?"

Ya ce, "Ki ce mata kwanan nan."

Ina gidan ranar da koriyar tasi ta sauke Saudatu. Aka buɗe tsaraba, turare, safa mai kauri, na'urar gwajin suga. Hajiya ba ta taɓa ko ɗaya ba. Da maƙwabta suka ragu, ta ce, "To, ina ji."

Wallahi na ga bakin Saudatu ya ɗauko ƙaryar, ya kai ta har leɓe. Amma uwar ta kafa mata ido. Sai ta durƙusa ta faɗi komai, ciyawar, wuri biyun, har maganar Bilqis.

Na zaci kuka za a yi. Hajiya gyara zaman ƙafarta kawai ta yi.

"Kabarin yana kallon alƙibla?"

"Yana kallo, Inna."

"Wa zai yi masa wanka?"

"Akwai masallaci. Mutanen Somaliya ne da Pakistan, suna da kirki."

"Sun san sunan ubansa?"

Hajiya ba ta jira amsa ba.

"Ranar da aka kai yarinyar, sahu nawa aka yi?"

"Ya ce ranar aiki ce, Inna. Ɗaya bai cika ba."

Hajiya ta ce a ɗauke mata kayan nan daga gabanta, a kawo buta.

Juma'ar da ta biyo ya kira. Ta karɓa, ta tambayi sanyi, ta tambayi Bilqis. Sannan ta ce, "Ka kyauta da ba ka bar yarinyar ita kaɗai ba. Ka zauna." Saudatu ta ce tana jin shessheƙarsa ta cikin wayar, uwar kuwa ta miƙo mata ta juya fuska bango.

Daga nan ta daina zama a baranda, ta daina tambayar ɗan wa ya dawo. Da damina ta kama, Allah ya karɓi abarsa da safe, kafin la'asar an kai ta. Abdulmajeed yana can yana neman jirgi. Ya iso an riga an naɗe tabarmin makoki. Saudatu ta raka shi har ƙofar maƙabarta, ta nuna masa kabarin da yatsa daga nesa, ta koma mota ta jira shi.